Dutse mai saƙar zuma: Favosites ne ko Hexagonaria?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ga hotuna biyu na wani dutse da ya faɗo hannuna cikin wasu duwatsu da aka ba ni kyauta, ba takarda, ba bayanin inda aka tsinto shi. Bai fi tafin hannu ba, launinsa toka-toka, fuskarsa kuma duk 'yan ɗakuna ne masu kusurwa biyar ko shida, manne da juna kamar saƙar zuma. Wani ya ce mini gidan zuma ne da ya daɗe a ƙasa har ya zama dutse, wani kuma ya rantse fatar wata dabba ce. Don Allah masana a taimaka, mene ne wannan?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Ikon Allah! Ni ma da na buɗe hoton zuma na gani, har ina neman ƙudan.

Malam Mai Guduma:
Ɗana, cire batun zuma daga ranka. Kaki ba ya kaiwa ga zama dutse irin wannan, narkewa yake yi ko ƙwari su cinye shi. Abin da ke hannunka ƙwarangwal ɗin murjani ne, dabbar teku, kuma kowane ɗaki da kake gani mazaunin 'yar dabba ɗaya ne, ita ta gina shi da kanta ta zauna a bakinsa tana kama abinci daga ruwa. Sai dai cewa murjani ne bai kai mu ko'ina ba tukuna, don irinsu da yawa. Ka sake ɗaukar hoto da rula a gefe mu ga faɗin ɗaki guda. Ka jiƙa fuskar dutsen da ruwa kafin ka ɗauka, zanen ya fi fitowa. Sannan ka juya shi ka nuna mana gefensa, musamman inda ya fashe. Wannan na ƙarshen ya fi sauran muhimmanci.

Sarkin Musu:
Allah ya gafarta Malam, ni murjanin da na sani ja ne, mai sheƙi, mai rassa. Wannan abu mai kama da busasshen siminti ta ina ya zama murjani? Kuma tun yaushe murjani ya zama dabba? Ai tsiro ne na cikin teku.

Malama Kimiyya:
Sarkin Musu, ka zo da wuri yau. Jan da ka sani shi ne Corallium rubrum, ana samunsa a Bahar Rum, kuma ɗan wani reshe ne dabam, dabbarsa hannuwa takwas gare ta. Masu gina tudun duwatsu a ƙarƙashin teku 'yan uwansa ne na nesa, ƙwarangwal ɗinsu fari ne, launin da ake gani a hotuna na naman da ke lulluɓe da shi ne. Nama ya tafi, launi ya tafi.

Batun tsiro kuwa, manyan masana sun riga ka faɗa. A farkon ƙarni na 18 Marsigli ɗan Italiya ya ga 'yan dabbobin sun buɗe a cikin ruwa, ya ce ga furannin murjani. Sai a shekarun 1720 wani likita Bafaranshe, Peyssonnel, ya lura cewa furannin nan suna motsi, suna janye jiki idan an taɓa su, ya ce dabbobi ne. Masanan Faris ba su karɓa ba a lokacin. Daga baya ta tabbata shi ke da gaskiya.

Mai Goge Dutse:
Ni ban ga abin jan magana ba. Wannan dutsen Petoskey ne, Hexagonaria, na goge irinsa da hannuna. Ɗakuna masu kusurwa shida, launin toka, shi ke nan. A gaɓar tafkin Mishigan ta Amurka ake tsintar sa, har jihar Mishigan ta ɗauke shi a matsayin dutsenta tun 1965. Ɗan Koyo, sa masa samfefa ka ga abin mamaki.

Malam Mai Guduma:
Ƙanena, sannu dai. Kama da wane ba ta wane. Kusurwa shida ba shaida ba ce, duk abubuwan da suka taso zagaye-zagaye suka matsi juna haka suke komawa, shi ya sa ƙudan zuma da murjani suka haɗu a zane ɗaya ba tare da sun san juna ba. A gaɓar tafkin nan da ka ambata ma akwai wani dutse da ake kira na Charlevoix, shi ma ɗakunansa kusurwa shida ne, amma Favosites ne, ba dangin Hexagonaria ba ne ko kusa. Mu jira rula.

Mai Goge Dutse:
To Malam, mene ne bambancin in ban da suna? Ni dai a ido ɗaya suke.

Malama Kimiyya:
Bari in shiga tsakani kafin Baba ya ɗauko gudumarsa. Murjanin da ake samu cikin dutse galibi gida uku ne. Biyu tsofaffi, Tabulata da Rugosa, sun bayyana a zamanin Odobishiya, fiye da shekara miliyan 450 da suka wuce, suka ƙare ƙurmus a ƙarshen zamanin Famiya, shekara miliyan 252 baya. Na uku, Scleractinia, su ne na tekun yau.

Tabulata kullum a taro suke, ba a samun ɗaya shi kaɗai. Ɗakunansu dogayen bututu ne siraran gaske. Dabbar tana girma tana hawa sama, duk ta ɗan hau sai ta yi daɓe a ƙarƙashinta ta rufe inda ta baro, don haka in ka dubi bututun ta gefe za ka ga daɓe bisa daɓe, hawa-hawa. In kuma ka leƙa ɗakin ta sama, kusan wayam yake, in ma akwai wani abu 'yan ƙayoyi ne a jikin bango.

Rugosa kuwa akwai na taro, akwai na kaɗaici mai siffar ƙaho. Abin da ke tona asirinsu shi ne shingaye na tsaye da ke tasowa daga bango suna nufar tsakiyar ɗaki. In aka yanka aka goge, sai ka ga zare-zare sun fito daga gefe zuwa tsakiya. Wannan shi ne zanen rana da ke cikin kowane ɗaki na dutsen Petoskey, da ɗigon duhu a tsakiya kamar ido. Hexagonaria ɗan Rugosa ne, ɗakinsa ɗaya kan kai kusan santimita guda. Na Favosites galibi milimita 1 zuwa 3 ne ko ɗan fi haka. Shi ya sa Baba yake ta kiran rula.

Ɗan Koyo:
Na gode ƙwarai. Na jiƙa shi, na auna. Ɗaki ɗaya bai fi milimita 2 ba, wasu ma ba su kai ba. Na duba da gilashin ƙara girma ban ga wani zare mai nufar tsakiya ba. Ga hoton gefen da ya fashe. Bututu ne dogaye a jere, sun ɗan baje daga ƙasa zuwa sama, kuma akwai layuka a kwance cikin kowanne, kusa-kusa da juna. Wani abu kuma: a wani wuri da bangon bututun ya fito fili, ina ganin 'yan ɗigo-ɗigo a jere kamar an huda da allura.

Malam Mai Guduma:
Madalla, yanzu ka yi magana. 'Yan hudojin nan da ka gani su ne suka yanke hukunci. Ƙofofi ne a jikin bango da ke haɗa ɗaki da maƙwabcinsa, ana kyautata zaton ta nan dabbobin ke haɗe da juna. Daɓe hawa-hawa, babu shingaye, bango mai huda, ɗakuna manne: Tabulata ne, dangin Favosites. Iyakar abin da zan faɗa daga hoto ke nan. Wanda ya ba ka sunan takamaiman jinsi daga wannan hoton, ƙarfin hali kawai ya yi. Masu aikin sai sun yanka dutse gida biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, sun kankare shi har haske ya riƙa ratsa shi, sun auna kaurin bango da tazarar daɓe a ƙarƙashin madubin bincike, kuma duk da haka suna saɓani.

Shekarunsa kuwa, wannan dangin ya fi yawa a zamanin Siluriya da Debon, wato wajen shekara miliyan 440 zuwa 360. Da ka san inda aka tsinto shi da mun matse lissafin sosai. Rashin takardar nan ita ce babbar asara, ba ƙaramin abu ba ne.

Mai Goge Dutse:
Ko Favosites ne ai yana ɗaukar guga. Ni dai na ce a goge shi.

Sarkin Musu:
Ku tsaya. Miliyan 440, miliyan 252, kuna ta jero lambobi kamar kuna wurin. Wa ya riƙe wa murjanin nan takardar haihuwa?

Malama Kimiyya:
Tambayarka tana kan hanya. Shi murjanin ba shi ake aunawa ba. Matakin farko jerin shimfiɗun dutse ne, na ƙasa ya riga na sama kwanciya, kuma kowace shimfiɗa tana da irin halittun da ke cikinta. William Smith ya gina taswirar duwatsun Ingila ta 1815 a kan wannan lura. Abin sha'awa, shi kansa zamanin Debon murjani na cikin abin da ya fito da shi: William Lonsdale ya duba murjanin duwatsun yankin Devon ya ga siffarsu ta faɗa tsakanin na Siluriya da na zamanin Kabonifera, sannan Sedgwick da Murchison suka raɗa wa zamanin suna a 1839. Su a lokacin ba su da lamba, sun dai san wane ya riga wane.

Lambar daga baya ta zo. Wani lokaci tsakanin shimfiɗun ana samun tokar aman wutar dutse, cikinta akwai 'yan ƙwayoyin ma'adinin zirkon. Zirkon yana kama yuraniyom lokacin da yake ƙulluwa, yuraniyom kuma yana rikiɗa zuwa darma da saurin da aka auna aka sani. Ka auna nawa ya rage, nawa ya rikiɗa, ka sami shekarun tokar. Abin da ke ƙarƙashin tokar ya girme ta, na sama ta girme shi. Miliyan 252 ɗin nan daga irin wannan tokar aka same ta a Meishan ta ƙasar Sin.

Sarkin Musu:
To na ji. Amma wata magana na taɓa ji wadda ta fi wannan ban dariya, wai an ƙirga kwanakin shekara a jikin murjani aka ga 400. Wannan kam tatsuniya ce.

Malam Mai Guduma:
Ba tatsuniya ba ce, kuma ita ce labarin da na fi so a duk wannan fanni. John Wells na jami'ar Cornell ne ya buga shi a mujallar Nature a 1963. Murjani mai ƙaho, in fatar wajensa ba ta goge ba, za ka ga tana da zobba iri biyu. Akwai manyan kumburi masu tazara, akwai kuma siraran layuka birjik a tsakaninsu waɗanda sai da gilashi ake ganinsu sosai. Dabbar tana ƙara gini da rana fiye da dare, don haka kowane siririn layi kwana ɗaya ne, manyan kuma sauyin yanayin shekara ne. Wells ya fara da murjanin da ke raye yau, ya ƙirga ya sami kusan 360 tsakanin babban zobe da na gaba. Sai ya koma kan na tsakiyar zamanin Debon, ya riƙa samun tsakanin 385 da 410, wato wajen 400. Da ya duba na Kabonifera, waɗanda ba su kai su tsufa ba, sai ya sami 385 zuwa 390.

Ba shekarar ce ta fi tsawo ba, kwanan ne ya fi gajarta. Shekara tana da awa kusan 8,766. Raba ta gida 400 ka gani, kwana ɗaya bai cika awa 22 ba. Duniya ta fi saurin juyawa a lokacin.

Sarkin Musu:
Baba, da girmanka, ni wannan bai shige ni ba. Mutum ya riga ya san amsar da yake nema, ya zauna da gilashi yana ƙirga layukan da shi kaɗai yake gani. In ya kai 400 sai ya ce nan shekara ta ƙare. Wa ya ce masa babban zoben nan shekara ce? Ba mamaki guguwa ce ta taso, ko laka ta rufe dabbar ta daina gini kwana goma.

Malama Kimiyya:
Nan kam ba zan ce ba ka da hujja ba. Gane iyakar shekara a jikin murjani shi ne wurin da aikin ya fi rauni, layuka suna gogewa, dabba tana iya tsallake kwanaki, kuma samfuran da suka isa a ƙirga ba su da yawa. Shi ya sa sakamakon ya zo da faɗi, 385 zuwa 410, ba lamba guda ba. Duk wanda ya ce maka kwana 400 cif, ya gyara zancen ne don ya yi daɗin faɗi.

Amma ka lura da abu biyu. In dabba ta tsallake kwanaki, ƙirgar ragewa za ta yi, ba ƙaruwa ba, ga shi kuma abin da aka samu ya haura 365 da nisa. Na biyu, maganar ba a kan murjani kaɗai ta tsaya ba. Masana taurari sun riga sun san juyawar duniya tana raguwa, saboda wata yana jan ruwan teku, cikar teku da janyewarsa kuma suna taka wa duniya birki. Bayanan husufi na mutanen Babila da Sin, da na malaman falaki irin su Ibn Yunus na Alƙahira, ba sa daidaita da lissafi sai an sa wannan raguwar. Madubban da 'yan sama jannatin Apollo suka ajiye a kan wata kuma sun nuna yana nisantarmu da kusan santimita 3.8 duk shekara. Colin Scrutton ma ya sami wasu rukunan layuka a murjanin Debon masu kusan kwana 30 da ɗoriya, waɗanda ya danganta da zagayen wata. Hanyoyi daban-daban ne suka nufi wuri guda.

Sarkin Musu:
Na karɓi cewa kwana ya fi gajarta. Ƙirgar ce har yanzu nake kallo da ido ɗaya.

Uwar Biyu:
Ku bar Sarkin Musu da idonsa ɗaya. Ni tambayata, Malama, duk inda aka tsinci irin wannan dutsen ke nan teku ne a da? Ko da kan tsauni ne?

Malama Kimiyya:
Yaya, murjani ba ya rayuwa a ruwan daɗi, don haka inda dutsen ya ƙullu teku ne, babu tantama. Sai dai inda aka tsince shi da inda ya ƙullu ba lallai su zama ɗaya ba. Duwatsun Petoskey ɗin nan ƙanƙarar da ta taɓa rufe arewacin Amurka ce ta ɓamɓaro su daga shimfiɗarsu ta ja su, ruwa ya mulmule su. Kogi ma yana yin haka, motar tsakuwa ma haka.

Inda suke a mazauninsu kuwa abin kallo ne. A wurin da ake kira Falls of the Ohio a kogin Ohio na Amurka, tsakanin jihohin Indiana da Kentucky, in ruwa ya ja baya mutum yana tafiya a kan ƙasan tekun Debon, murjani ko'ina a ƙarƙashin ƙafarsa, amma an hana ɗauka. Tsibirin Gotland na Suwidin kusan gaba ɗayansa dutsen tekun Siluriya ne, lokacin yankin yana kusa da ikwaita. A arewa maso yammacin Ostareliya, kwazazzabon Windjana ya ratsa tsakiyar wani tudun teku na Debon mai tsawon ɗaruruwan kilomita, yau yana tsaye a busasshiyar ƙasa. Wajen shekara miliyan 372 baya aka yi wata babbar mutuwa da ta karya waɗannan tuddai, Tabulata ba su sake komawa yadda suke ba har ƙarshensu.

Tsintau:
Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo tsakiyar zance. Ni ma ga nawa. Wanda ya sayar mini cewa ya yi haƙorin wata ƙatuwar dabba ce ta zamanin da. Tsawonsa kamar ɗan yatsa, a lanƙwashe, ƙasansa tsini, samansa faɗi, jikinsa duk tamoji a zagaye.

Malam Mai Guduma:
Wa alaikas salam ɗana. An sayar maka da murjani da sunan haƙori, kuma ba kai ne na farko ba. Haƙori yana da santsi da sheƙi a waje, tsininsa ne wurin aiki, gindinsa kuma saiwa ce. Wannan akasin haka ne: tsinin shi ne inda dabbar ta fara tana 'yar mitsitsiya, tana girma tana faɗaɗa ɗakinta, faffaɗan bakin nan kuma ƙoƙo ne da take zaune a ciki. Tamojin da kake gani su ne zobban da muke magana a kai ɗazu. Lanƙwasar ma tana da dalili, da yawansu a kan laka suke zaune ba su da abin kamawa sosai, in sun karkata sai dabbar ta ci gaba da gini tana neman sama.

Amma kada mu yi saurin rufe magana. A duwatsun zamanin Kiritashiya akwai wasu dangin kawa da ake kira rudist, su ma siffar ƙaho gare su, suna ruɗar mutane sosai. Leƙa cikin ƙoƙon. In ka ga shingaye jere a zagaye suna nufar tsakiya, murjani ne.

Mai Goge Dutse:
Ku zuba masa ruwan khal mana a huta. In ya yi kumfa murjani ne, in bai yi ba dutse ne kawai.

Malama Kimiyya:
A'a, wannan gwajin ba abin da yake faɗa ke nan ba. Kumfa tana nuna akwai sinadarin farar ƙasa ne kurum, kuma ƙwanson kawa da dutsen farar ƙasa zalla duk za su yi kumfa. Sannan akwai murjani na gaske da ba zai yi ba, don silika, wato ma'adinin da ke cikin yashi, ta maye gurbin ƙwarangwal ɗinsa. Murjanin da jihar Florida ta Amurka ta ɗauka dutsenta a 1979 haka yake, ya koma aƙiƙ, wuƙa ma ba ta kartarsa. Ma'adinin kalsait, wato sinadarin farar ƙasan nan mai kumfa, taurinsa 3 ne a ma'aunin Mohs na taurin duwatsu, ƙarfen wuƙa wajen 5 da rabi, silika 7. Amfanin gwajin shi ne ka san da me kake aiki kafin ka wanke ko ka goge. In za a yi, ɗigo ɗaya a bayan dutsen, a wanke nan take. Wanda ya jiƙa murjanin kalsait cikin khal ya kwana, da safe siraran layukan nan sun tafi har abada.

Malam Mai Guduma:
Kuma a nan akwai wani abu da ke ba masu koyo mamaki. Sau da yawa murjanin shekara miliyan 400 ya fi na miliyan 40 kyan gani. Tsofaffin nan biyu da kalsait suka yi gini, shi kuwa yana da haƙuri a cikin ƙasa. Na zamani da aragonait suke yi, sinadari ɗaya ne amma tsarin ƙwayarsa dabam, ruwan ƙasa yana saurin narkar da shi ko ya sauya shi. Sai ka fasa dutse ka tarar da rami kawai mai zanen murjani a bangonsa, ko laka ta cika ɗakunan ta daskare, ƙwarangwal ɗin ya narke ya bar ta, komai ya juye: inda shinge yake ya zama tsaga, inda fili yake ya zama tudu. Mutane da yawa suna auna tsufan abu da lalacewarsa, a murjani wannan ma'aunin yana kai mutum daji.

Game da guga kuma, ƙanena, ba na hanawa. Gogaggen yanka yana nuna ciki fiye da komai, ka dubi baƙin dutsen Frosterley da aka yi ginshiƙai da shi a babbar majami'ar Durham ta Ingila, fararen murjanin Dibunophyllum sun fito a jikinsa, wasu an yanke su a kwance wasu a tsaye. Amma wanda ke da guda ɗaya tak, ya goge gefe ɗaya ya bar sauran. Na Tsintau kuwa kada samfefa ta kusance shi, duk darajarsa a fatar nan mai tamoji take.

Ɗan Koyo:
Malam, wata tambaya. Tunda tsofaffin sun ƙare, na yanzu jikokinsu ne?

Sarkin Musu:
Ai wannan a fili take. Murjani ya haifi murjani, me ya rage?

Malama Kimiyya:
An daɗe ana zaton haka, amma yawancin masu binciken yau ba su tafi a kai ba. Bayan mutuwar ƙarshen Famiya, wadda ake dangantawa da aman wutar da ya malale Saberiya, duwatsun farkon zamanin Tirayas shiru suke, miliyoyin shekaru babu ƙwarangwal ɗin murjani. Sai a tsakiyar Tirayas, wajen shekara miliyan 245 zuwa 240, Scleractinia suka ɓullo, kuma sun zo iri-iri tun farko. Ga ma'adinin gininsu ya bambanta, ga tsarin shingayensu ya bambanta. Rugosa suna ƙara sabbin shingaye a wurare huɗu ne, har ɗakin ya zama yana da dama da hagu masu kama da juna. Na zamani zagaye-zagaye suke ƙarawa, 6, sannan wasu 6, sannan 12, sannan 24. Abin da aka fi rinjaya a kai shi ne sun fito daga wasu dabbobi masu taushin jiki da ba su da ƙwarangwal, waɗanda suka tsira daga mutuwar, daga baya suka fara gini. Mai taushin jiki kuwa da wuya ya bar sawu a dutse, shi ya sa wurin ya zama shiru.

Inda suka yi kama kuma akwai. Wani bincike da ya fito a Nature a 2024 ya auna naitirojin da ya maƙale cikin ƙwarangwal ɗin murjanin Debon, ya sami alamar cewa Tabulata ɗin da aka gwada suna zama da 'yan ƙananan tsirrai a cikin namansu masu haɗa abinci daga hasken rana, kamar yadda masu gina tudu ke yi a yau. Yawancin masu ƙahon kaɗaici ba su nuna wannan alamar ba.

Tsintau:
Na wanke ƙoƙon da tsohon buroshin haƙori. Akwai shingaye, da yawa ma, dogo da gajere, dogo da gajere. Na fara ƙirgawa in ga ko huɗu-huɗu ne ko shida-shida, na rikice a wajen talatin.

Malam Mai Guduma:
Bar ƙirgar, ba za ta fisshe ka ba. Huɗun nan ba wai jimillar za ta rabu da huɗu ba ne, wuraren da sabbin shingaye ke shigowa ne, kuma a babban murjani ya riga ya cika zagaye, sai an yanka kusa da tsini ake ganin tsarin sarai. Abin da za ka nema ya fi sauƙi. Riƙe shi a hasken da ke zuwa ta gefe, ka juya shi a hankali kana kallon cikin ƙoƙon. A yawancin Rugosa akwai wuri ɗaya da shinge ya gajarta, ya bar wani ɗan kwarmi mai zurfi fiye da sauran, sau da yawa a saitin lanƙwasar ƙahon. In ka same shi, ɗauko mana hoto daga sama tsaye, da rula a gefe. Ka kuma koma wurin mai sayarwar ka tambaye shi ƙasar da kayan suka fito, ko da yankin kawai ya sani, ka rubuta a takarda ka haɗa da dutsen.